Igiyar Duna

Zuwa ga ƙanena Isma'il, a Yamai.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa, ina roƙon Allah Ya sa takardar nan ta same ka lafiya, kai da Zainab da 'yarmu Ummulkhairi. Mu nan Damagaram alhamdu lillahi, sai zafi, ga wutar kuran ba ta zama. A ƙauyenmu Droum an fara sharar gona, ɗan'uwanmu Mamman ne ke kula da ta Baba, Allah Ya jiƙansa.

Saƙonka ya iso, wai a sa kwikwiyon karyarmu Duna a motar kar a aiko maka, Ummulkhairi ta ga karen maƙwabtanku ta ce ita ma sai an samo mata. Isma'il, ba zan aiko ba. Ka san ni ba na kwana-kwana. Ka karanta har ƙarshe kafin ka yi fushi, don akwai abin da aka ɓoye maka.

Duna ta mutu. Tun rasuwar Baba karyar nan ta bar bin mafarauta, ta koma kwana ƙofar ɗakin Inna. Idon Inna ya ƙara lalacewa, to da ita take hira, tana yi mata faɗa kamar jika. Da ƙanenmu Hamza ya kama haya a wani bene kusa da tasha nan Damagaram aka sace masa moto, wato babur, sai ya je ƙauye ya ɗauko Duna, wai ta yi masa gadi. Na ce masa karyar da ta tashi tana korar zomo a daji ba za ta zauna a sama ba. Ya yi dariya, ya ce ni komai sai na sa baki. Bai iya sa ta a ɗaki ba saboda salla, sai ya ɗaure ta a baranda. Da rana simintin kamar kasko yake, tana ta ɗaga ƙafa. Don tausayi ya ƙara mata tsawon igiya ta kai inuwa, yadda muke yi wa akuya a turke. Amma akuya a ƙasa take, Isma'il. Ba wanda ya yi wannan tunani.

Ranar da na kai Inna wurin likitan ido, ta ce mu biya ta gaida Hamza. Yana wurin aiki, ƙofa a kulle. Muna tsaye ƙasan benen Inna ta ɗaga murya ta yi wa mai shago sallama. Duna ta ji. Haushi ɗaya ta yi ta tsallako barandar. Igiyar ba ta kai ƙasa ba. Wayyo Allah! A saman kanmu tana shure-shure, mutane na ihu a kawo tsani, kafin a kawo ta daina motsi. Na ja hannun Inna na ce mata yara ne ke faɗa. Ta biyo ni har muka shiga motar Droum. Har yau in na rufe ido ina ganin ƙafafun nan, kuma raina a ɓace yake da Hamza, ko da yake shi ma ya rame.

Ba na hana Ummulkhairi kare ba ne. Na tambayi likitan dabbobi a nan, ya ce akwai ƙananan karnuka marasa yawan haushi da suka dace da bene, amma ko su sai an yi musu allurar haukan kare, an fita da su safe da yamma, ruwa ba ya yankewa, kuma ba a barin su a rana. To kai da Zainab kuna biro wurin aiki, yarinya tana lakwal wurin karatu, wa zai yi? Ka tambayi kanka tsakani da Allah: za ka yarda kare ya kwanta inda kake shimfiɗa abin salla? In ba za ka yarda ba, baranda za ka kai shi, kuma taka ta fi ta Hamza tsawo.

Kwikwiyon nan shi kaɗai ya rage, sauran an raba. Yanzu shi ke kwana ƙofar Inna. A'isha matar Mamman ta ce Inna ta rage magana ƙwarai, ko baƙo ya yi sallama da gyaɗa kai take amsawa. Shi kaɗai take yi wa magana, ita ma ƙasa-ƙasa.

Ka gaida Zainab, ka ba Ummulkhairi haƙuri, ka ce Gwaggo za ta aiko mata da kilishi. Ka gaida Kawu Mai Nasara in ka je unguwarsu. Mamman da A'isha da mai gidana duk suna gaishe ku.

Jiya na je Droum na tambayi Inna ko tana da saƙo gare ka, ina zaton har yanzu ba ta san komai ba. Ta daɗe tana shafa kan kwikwiyon. Sannan ta ce in gaya maka tana sa maka albarka, amma ka bar mata wannan. Ta ce da ta yi shiru ranar nan, da Duna na nan.

Taka yaya,
Balaraba
Birni, Damagaram