Rigar Sallar Baba Ba Za Ta Je Gummi Ba

Zuwa ga mahaifiyata, Inna,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kina cikin rahamar Ubangiji, ina sanar da ke cewa mutanenki sun dawo, 'yan majalisar nan masu sa ido a kan fansho. An yi shela a rediyo wai gobe za su zauna a Gummi, tsofaffin ma'aikatan Anka da Bukkuyum su hallara a ji kokensu. Tsakin da na ja sai da Baba ya tambaya ko lafiya.

Kin tuna zuwansu na farko. Kin yi ritaya daga ƙaramin asibiti, Baba ya ajiye alli, a cikinku babu wanda ya ga ƙeyar garatutinsa. Amma sai kika buɗe adaka kika fiddo atamfarki ta fita kunya, kika aika da rigar Sallar Baba wurin masu bugu da kuɗin cefanen ranar. Na ce, Inna, koke za ku kai ko biki? Kika harare ni kika ce, "Ɗiyata, ba a tarbon baƙo da tsumma."

Ashe duk tsofaffin haka suka yi. Mai aron hula ya aro, mai aron takalmi ya aro. Tun hantsi kuke ƙarƙashin rumfa har la'asar, sannan jiniya ta taso. Onarabul-onarabul suka firfito, tumbi a gaba, ƙamshin turare kamar ranar kai amarya. Shugabansu ya bi layi yana murmushi, mai kyamara na biye da shi. Da ya iso kanki ya ce ya ƙarfin jiki, kika sunkuyar da kai kika ce sai godiya. Ya juya ga kyamara ya ce Masha Allah, ga iyayenmu nan fes da su.

Shi ke nan fa, sa idon ya ƙare. Suka wuce masauki suka ci gasasshen rago, suka kama hanya tun da sauran rana saboda tsoron dajin da ku kuka ratso a bayan a-kori-kura. Bayan 'yan kwanaki muka ji a rediyo wai kwamiti ya gamsu da halin da 'yan fansho ke ciki.

Ya gamsu! Kai, jama'a. Mutum ya tashi takanas daga birni don ya duba yunwa, ya ƙare da duba guga. Ko ɗaya bai tambayi me kuka karya da shi ba. Ke da kika rungumi yaran Bagega suna jijjiga lokacin gubar dalma, wai waɗannan ne za su auna ki da kallon atamfa. Har kika koma ga Allah kina raba ƙwayar hawan jini biyu don ta kai ki ƙarshen wata. Na raina su, Inna, kuma ba zan ɓoye ba.

Yanzu ga Baba. Yanar ido ta rufe masa ido ɗaya, ɗayan ma ya fara bi. Likita a Gusau ya ce sai aiki, kuma in aka ƙara jinkiri ba ya ɗaukar alkawari. Kuɗin aikin yana cikin haƙƙin nan da suka gamsu a kansa. Mutumin da ya koya wa rabin unguwa karatu, yau sai maƙwabci ya riƙe hannunsa zuwa masallaci.

Da safen nan ya ce in kai rigar Sallarsa bugu. Na shiga ɗaki na ɗauko masa wadda yake zuwa gona da ita, mai facin nan a kafaɗa. Ya shafa ta, yatsunsa suka tsaya a kan ɗinkinki. Can ya ce, "Da Innarki na nan, da ba ta yarda ba." Sai ya ninke ta ya ajiye kusa da sandarsa.

Na roƙe shi in sun tambaye shi kada ya ce sai godiya. Ya ce zai yi godiyarsa a masallaci da asuba kafin mu hau mota, wadda ta rage kuma ba tasu ba ce.

Ki yafe min, Innata. Kin rufa mana asiri iyakar rayuwarki, ni kuma gobe zan yaye shi a gaban baƙi. Na fi son Baba ya ji kunya da idonsa a buɗe.

Allah ya haskaka kabarinki, ya biya ki ladan da babu kwamitin da zai zauna a kansa. Allah ya buɗe wa Baba idanunsa ya sake ganin ɗinkinki. Amin.

Ɗiyarki mai kewarki,
Asabe