Kakin Zuma a Ƙamus

Zuwa ga uwar yarana,

Bayan gaisuwa mai yawa, ya jikin Inna? Allah ya ƙara mata sauƙi, ke kuma ya ba ki ladan jinya.

Na gaji, wallahi. Kin tuna kalmar Turancin nan da ake rufe wasiƙa da ita, sincerely, wato da zuciya ɗaya? Shekara talatin ina gaya wa mutane cewa daga harshen Latin ta fito, sine cera, ma'ana babu kaki. Wai masassaƙan da can suna cike tsagar dutse da kakin zuma su yaudari mai saye, sai na kirki su ce nasu ba kaki. Har ke na burge da labarin lokacin da nake nemanki. Haka na saka shi a ƙamus ɗin ɗalibai da kamfaninmu ya buga.

Ashe tatsuniya ce. Sabuwar editarmu, wadda ni na koya mata aikin, ta ajiye mini babban ƙamus a kan tebur, ta ɗora yatsa a kan layin. Asalin kalmar sincerus ne, abu tsantsa marar gauraye. Babu kaki, babu masassaƙi. Kwafi dubu biyar sun riga sun fita.

Ki gaida Inna.

Maigidanki


Uwar yara,

Ina fata kuna lafiya. Na ga amsarki. Kin ce kowa na kuskure, in daina cin raina. To, ramin ƙarya ƙurarre ne, bari in ƙarasa miki.

Ban duba babban ƙamus ba kafin in rubuta, domin ba na iya karanta shi. Shekara biyu ke nan ƙananan haruffa sun zame mini tururuwa. Da ka nake aiki, ina buɗe littafi ina gyaɗa kai don a ga ina dubawa. Ko ranar da editar ta nuna mini layin, yatsanta kawai na gani. Ita ta lura, ta karanta mini a hankali don kada na kusa su ji. Kunyar wannan ta fi mini zafi.

Jiya na ajiye aiki, na miƙa makullin ofis. Likita ya ce ganin nawa ba zai dawo ba. Ina jin tsoro, ban kuma san me zan yi da safiya ba.

Amsar taki ma mai shagon da ke ƙasan benenmu ne ya karanta mini. In za ki sake rubutowa, ki yi manyan haruffa, ina so in karanta da kaina.

Naki,
Maigidanki