Tsutsotsi a Akwatin Kifin Baba

Litinin, 3 ga Maris

Yau na ga wasu fararen tsutsotsi, sirara kamar zare, suna rarrafe a gilashin akwatin kifin Baba. Ruwan ma ya yi duhu.

Alhamis, 6 ga Maris

Mai shagon kifin ado ya kalli hoton a wayata, ya ce ba cuta ba ce, abinci ne ya yi yawa yake ruɓewa a cikin tsakuwa. Wai in zuƙe dattin da tiyo, in canza rabin ruwa, in rage abinci. Na ce masa Babana ya fara kiwon kifi tun kafin a haife shi. Ni dai na ji haushi.

Asabar, 8 ga Maris

Na zuƙe, na wanke. Bayana kamar zai ɓalle.

Talata, 11 ga Maris

Tsutsotsin sun dawo, har sun fi da. Ƙaramin jan kifin ya mutu. Yaya ya kira, ya sake ɗauko maganar kai Baba asibiti saboda mantuwa. Na ce tsufa ne kawai, wa ba ya mantuwa? Shi da sai wata-wata yake leƙo mu.

Lahadi, 16 ga Maris

Ban fita ba, na wuni a falo ina guga. Baba ya ba kifayen abinci da safe. Ya je ɗaki ya dawo, ya sake ba su. Kafin azahar na daina ƙirgawa. Kowane zuwa sai ya ƙwanƙwasa gilashin ya ce su yi haƙuri, ya bar su da yunwa.

Na ɓoye gwangwanin abincin a bayan tukwane.

Litinin, 17 ga Maris

Baba ya birkita falo yana nema. Da ya gan ni a bakin ƙofa sai ya gyara tsayuwa, cikin ladabi.

"Baiwar Allah, don Allah ko kin ga 'yata? Ita ta san inda abincinsu yake."

Na ce masa yanzu za ta zo. Na shiga banɗaki na buɗe famfo, na yi kuka.

Laraba, 19 ga Maris

Na mayar da gwangwanin wurinsa, amma ɗan kaɗan nake zubawa a ciki kowace safiya. Ruwan ya fara washewa, tsutsotsin sun ragu.

Na ce wa Yaya ya zo da mota gobe da wuri. Ban ce don me ba, shi ma bai tambaya ba.