Sarewar Mai Aski

Yayana abin ƙaunata,

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya, kai da Anti da yara. Ya ciwon bayan nan naka na zaman gaban kwamfuta? Allah Ya ƙara sauƙi. Mama tana gaishe ka, ta ce in tambaye ka ko ka manta hanyar gida ne. Ni ma lafiya lau, sai dai raina a ɓace yake, kuma kai ka ɓata shi.

Na ga bidiyon da ka haɗa ka ɗora a shafinmu. Ya yi kyau, ban musa ba. Amma Yaya, ina sarewar Mai Aski? Ga fuskarsa nan a kusurwa, kumatu a kumbure, yatsu suna ta motsi, sautin da ke fita kuwa na Gwanin nan ne da ka ɗauko mana don ya jawo 'yan kallo. Ka cire nasa ka liƙa na wani, ka ɗauka ba wanda zai gane.

Ka fi kowa sanin yadda muke yi tun da muka buɗe zauren kiɗan nan a intanet. Direba ya buga ganga ya turo, kowa ya sa abin saurare a kunne ya bi kiɗan a ɗakinsa, ya ɗauki nasa a waya, kai kuma ka haɗa. Ni a shago nake rera nawa, tsakanin keken ɗinki da tarin yadin mutane. Ba mu taɓa cewa mu gwanaye ne ba. Abin da na yi ta gaya wa mutane ke nan har suka yarda suka shigo: kowa ya zo da abin da ya iya. Mai Aski kuwa sai da ƙafata ta gaji da sintiri shagonsa kafin ya amince, don a da ko a gaban matarsa ba ya busawa.

To, jiya ya tara masu jiran aski, ya kira maƙwabcinsa mai gyaran waya, ya jingina wayarsa jikin madubi ya kunna musu. Suka yi ta yaba masa, wai ashe haka ya ƙware yana ɓoyewa. Shi kaɗai ya san ba numfashinsa ba ne. Matarsa ce ta kira ni. Ta ce ya kashe wayar, ya ƙarasa askin da ke hannunsa, da yamma kuma ya fice daga zauren.

Na san me za ka ce: Mai Aski ya kauce wa kiɗan a wurare, kuma masu kallo sun ƙaru. Su yi ta ƙaruwa mana! Ba su ne za su turo mana kiɗa ranar Asabar ba. Tun zuwan Gwani, Malamar lissafi ta daina aiko muryarta, wai kunya take ji. Ka mayar da sarewar nan yadda take, ko in ɗora na asali da hannuna.

Ka gaida Anti, ka shafa mini kan yara.

Ƙanwarka,
Auta

Yayana,

Ina gaisuwa, da fatan kun tashi lafiya, kuma zazzaɓin ƙaramin ya sauka. Saƙonka ya iso, har da faɗan da ke ciki. Taurin kai ka ce? Ai gida ɗaya muka fito.

E, na ɗora. Ban iya haɗi kamar kai ba, muryata ma ta riga ganga, amma kowa ya ji kansa. An yi mana dariya, ba zan ɓoye maka ba. Wani ya rubuta wai sarewar kamar ƙofar da ba a sa wa mai ba. Gwani ya aiko mini saƙo cikin ladabi, ya ce ba zai iya barin sunansa a kan irin wannan ba, na yi masa godiya muka rabu lafiya. Ba laifinsa ba ne, kai ka gayyato shi inda ba a gasa. Masu kallon da suka biyo shi sun bi abinsu. Ko a jikina.

Daga nan na rufe shago da rana tsaka, ga ɗinkin mutane a kaina, na tafi wurin Mai Aski. Na same shi yana sharar gashi. Na kunna masa, ya tsaya da tsintsiya a hannu yana saurare, har aka zo inda ya kauce. Wallahi sai da ya runtse ido. Da ya ƙare ya ce, "Wannan kam ni ne." Bai yi alkawarin dawowa ba, ni ma ban roƙe shi ba. Na koma shago ina share hawaye, na haushi ne ko na daɗi, oho.

Shekaranjiya da safe sai ga sabuwar busa daga wurinsa, ana jin hayaniyar titi a bayanta. Malamar lissafi ma ta turo, har ta jawo mana wata ma'aikaciyar jinya mai koyon molo, wadda ta ce kuskuren da ta ji ne ya ba ta ƙarfin gwiwar shigowa.

Yanzu ga hukuncina. Na karɓi aikin haɗi, zan koya ko da zan yi ta ɓatawa. Na cire ka daga masu kula da zauren. Kada ka wahalar da kanka kai ƙarata wurin Mama, na riga ka.

Amma ban kore ka ba. Anti ta gaya mini jitarka tana can saman durowa, tun da ka fara gyaran kiɗan mutane ba ka sake taɓa ta ba, wai yatsunka sun yi nauyi. Ina kewar kiɗanka, Yaya, kuma na gaji da ɓoye hakan. Direba ya turo gangar wannan makon, na tura maka. Ka sauko da jitar nan ka buga, ka aiko kafin Asabar. Yadda ka aiko shi, haka kowa zai ji shi, ba zan taɓa ko wuri ɗaya ba.

Allah Ya bar zumunci, ko kana fushi.

Ƙanwarka mai taurin kai,
Auta