Shirun Baba a ofishin makaranta

Assalamu alaikum, Malam Ubale.

Don Allah ka taimake ni. Na kai inda ba na iya haɗa ido da mahaifina, ga shi ƙarshen watan nan za a rufe rajista, ban kuma san inda zan rubuta sunana ba.

Shekarata goma sha bakwai. A Jidda aka haife ni, a unguwar Kurayyat muke zaune, iyayena Hausawan Sudan ne daga Gadarif. Bana na gama sakandare a wata makaranta mai bin tsarin Birtaniya. Darussa takwas na zana. Na sami A a lissafi, fiziks, kemistri, kwamfuta da Larabci, B a guda biyu, C a Turanci. Ba alfahari nake yi ba, so nake ka san ainihin matsayina.

Hanya biyu ce a gabana. Ko dai in zauna a makarantar in ƙara shekara biyu na A-Level, daga nan in nemi jami'a in karanta injiniya, ko in shiga wani ma'ahad, wato makarantar koyon sana'a, mai ba da difloma a gyaran na'urorin asibiti, shi ma shekara biyu, da koyon aiki a hannu. Na bincika, kowanne yana ba da takardar ɗalibta da ake nema wajen sabunta iƙamata, wato takardar izinin zama, a ƙarƙashin Baba. Bambancin shi ne, idan jami'a ce, da wuya a nan, kuma ka san halin da Sudan ke ciki, sai dai Masar ko Najeriya. Ma'ahad kuwa ina gida.

Amma ba wannan ne ya hana ni sukuni ba. Ni ne ɗan fari. Tun da na yi wayo ban taɓa jin Baba ya kira sunana ba, sai “kai” ko “yaron nan”. Inna ma haka. Ƙannena Zakiya da Majid kuwa, da sunansu yake kiransu, yana tsokanarsu, Majid har wuyansa yake hawa. Gwaggona Latifatu da ke unguwar Ammariyya ta sha ce min kunyar ɗan fari ce, haka aka yi wa Baba shi ma. Na ɗauka abin zai tsaya a cikin gida. Ban san zai bi mu har makaranta ba.

Makarantar ta kira kowane ɗalibi da mahaifinsa wurin Ustaza Rana, mai ba mu shawara kan karatu. Baba yana aiki a shagon kayan gyaran mota, sai da ya nemi izinin kafili, wato ubangidansa ɗan ƙasa, ya sa farar rigarsa ta Juma'a. Muna jira a waje ina jin uban wani abokina yana ta zuba wa ɗansa habibi, wato masoyina, yana lissafa wa mutane makinsa. Da muka shiga, Ustaza ta roƙi Baba ya faɗa mata abin da ɗansa ya fi iyawa. Ya sunkuyar da kai ya ce yaron yana nan dai, Allah ya shirya. Ta sake tambaya ko yana ganin zan iya A-Level. Ya ce su ne malamai, duk abin da suka gani. Sai ta juyo gare ni ta ce da Turanci, cikin tausayi, shekara biyun nan suna da nauyi ga wanda ba shi da goyon bayan gida, wataƙila ma'ahad ya fi dacewa da ni.

Malam, ban san lokacin da bakina ya buɗe ba. Da Larabci na yi, da ƙarfi, yadda Ustaza za ta ji. Na ce wa Baba halas, ya isa haka, idan ko sunana ba zai iya faɗa ba, me ya kawo shi. Ya miƙe, ya yi wa Ustaza godiya, ya fita ya jira ni a mota. Daga nan muka wuce gida.

Bai yi min faɗa ba har yau. Ina gaishe shi da safe, yana amsawa kamar kullum. Da mari ya yi min da ya fi min sauƙi. Zakiya ta ji labari, duk inda na gifta sai ta ce mabruk ya ustaz, wato barka malam, an koya wa Baba tarbiyya. Inna kuwa ta ce in je in tambayi gwaggona, ta ci gaba da aikinta.

Gaskiya A-Level nake so. Ma'ahad ma ba na ƙin sa, ina son aikin hannu. Amma yanzu zuciyata tana ce min wanda ya kunyata ubansa a gaban baƙuwa bai cancanci a ɗauki nauyinsa har jami'a ba, gara in yi difloma in kama aiki da wuri. Kuma har yanzu ban san abin da Baba yake so ba. Wataƙila Ustaza ce da gaskiya, bai yarda zan iya ba. Yaya zan yi?

Ɗan fari, daga Kurayyat.

Wa alaikumus salam, ɗana.

Ka yi laifi, ka kuma san ka yi, don haka ba zan ƙara maka wuta ba. Yau ɗin nan ka sami mahaifinka shi kaɗai, ka zauna ƙasa, ka ce ka yi kuskure ya yafe maka, da Hausa. Kada ka tsaya bayani. Idan ya ce ba komai, tashi ka je, to ka tashi, ya yafe ke nan. Kada ka jira ya rungume ka.

Ustazarka ta karanta shirun mahaifinka da idon garinsu, ba laifinta ba ne, kai kuma ka ari idonta. A inda mahaifinka ya tashi, yabon ɗan fari a gaban idonsa rashin ta ido ne, wasu ma suna tsoron baki ya kama yaron. Mutumin da ya fid da rai da ɗansa ba ya roƙon kafili izini, ya sa rigar Juma'a ya tafi makaranta. Sai dai shi ma da nasa laifin. Yaron da ya tashi a Jidda cikin masu habibi yana bukatar ya ji wani abu da kunnensa, ranar wanka kuma ba a ɓoyon cibi.

Al'adar da ta rufe masa baki ta bar ƙofa, ita mahaifiyarka ta nuna maka, ka ɗauka korar ka ta yi. Gwaggo ba ta cikin wannan kunya. Ka je Ammariyya ka faɗa mata komai, ita ta tambayi ɗan'uwanta ko zai iya ɗaukar shekara biyun da jami'ar da ke bayansu, ko kuma ransa zai kwanta ka yi nisa da gida. Abin da ba zai faɗa a gabanka ba, zai faɗa mata. Idan da hali, ita ta raka ka wurin Ustaza Rana a gyara abin da aka fahimta.

Game da zaɓin, A-Level gada ce, ba a zama a kanta. Idan ba jami'a a gaba, shekara biyu sun tafi, kuma C ɗin Turancin nan sai ka tashi tsaye a kansa. Difloma kuwa sana'a ce mai mutunci, amma ka tabbatar ma'ahad ɗin yana da lasisi, ka nemi waɗanda suka gama can masu iƙama irinka ka ji ko sun sami aiki, ka kuma binciki ko ana karɓar takardar a wajen Saudiyya. Da makin da ka lissafa, ni A-Level zan ce, muddin gida zai iya. Idan gida ba zai iya ba, ka shiga ma'ahad da kai a sama.

Abu ɗaya na hana ka: kada ka mai da karatunka kaffara. Laifin baki, da baki ake neman gafararsa. Idan ka jefar da abin da kake so don ka hukunta kanka, mahaifinka ne zai yi asara sau biyu.

Allah ya sanyaya zuciyarsa a kanka, ya zaɓa maka mafi alheri, ya sa ka gama da iyayenka lafiya.

Malam Ubale.