Ranar da Bashen Alhaji Mamman ta Sha Ruwan Rijiya

Maigida,

Gaisuwa da fatan kwanciya cikin rahama. Na san ba za ka karanta wannan ba. Ko da ranka ma ba ka cika karatu ba in ba lambar da ke jikin ƙarfe ba ce. Amma akwai labarin da kai kaɗai za ka ji daɗinsa, ga shi kai kaɗai ne ba ka sani ba, alhali da kai aka yi tafiyar.

Gida lafiya. Ɗanmu Sani ya buɗe shagonka na kayan mota. Yana sayar da lagireton roba ɗin nan da kake ce wa kwanon sha, don shi mutane ke nema, mai araha. Naka na jan ƙarfe suna rataye a bango, in tsofaffin abokanka masu tsofaffin motoci sun taru bayan Juma'a sai su yi ta shafa su kamar ragon layya.

Ka tuna yadda nake maka tsiya kan duro-duron ruwan sama? Kowace damina ka jera su ƙarƙashin indararo, ka rufe, ka hana ni ko wanke kallabi. Duk wanda ya sayi lagireto a hannunka sai ka haɗa shi da bido guda, jarka cike da ruwan saman, kana cewa ruwan rijiyoyin nan kanwa gare shi, shina cin ƙarfe ta ciki. Na sha cewa mota ta fi ni gata a gidan nan. Ban taɓa gaya maka ba, amma in na ji direbobi a kasuwa suna cewa kayan wane ba sa tafasa, sai in ji kaina ya yi girma. Na yi alfahari da kai ƙwarai. Me ya hana ni faɗa? Kunya ce, da kuma tsoron kada ka ƙaro duro.

To ga labarin. Ka cika a asibitin Yamai da hantsi, tsakiyar bazara. Roƙonka guda ne, a kai ka Filinge a sa ka kusa da mahaifinka. Malamai suka ce da wannan zafin, in ba za a isa kafin faɗuwar rana ba, a yi sutura a nan Yamai. Masu sababbin motoci kowa ya kawo uzuri. Sai amininka Alhaji Mamman, wanda ya zo dubiya da tsohuwar bashensa, motar nan mai rufin tamfol a baya, ya ce ita za ta kai ka. Ka san yadda yake ji da ita. Samarin Yamai sun sha zuwa ɗaukar hotonta, sun yi tayi har sun gaji. Tun da ka sa mata lagireto ba ta taɓa ɗanɗana wani ruwa ba sai naka.

Aka shimfiɗa ka a baya, Sani na gefenka, ni ina gaba. Kwalta kamar za ta narke, amma allurar zafi ko motsi. Sai da muka wuce Damana ta fara hawa, tururi ya taso. Na ce shi ke nan, yau kayanka za su kunyata ka. Alhaji ya buɗe gaban motar ya duba, ya juyo yana murmushi da hawaye tare. Tiyo ne ya tsage, sabon da ya saya a wani wuri. Lagiretonka ko ɗigo bai yi ba.

Ya ɗaure tiyon da robar taya, amma ruwa ya zube, kuma bidonsa babu komai. Ina za a sami ruwan sama, kai da ka yi daminar bara a kwance ba ka tara ba? Ga rijiya can gefen hanya, bakinta fari fat da kanwa. Alhaji ya tsaya yana kallon rijiyar, yana kallon rana. Sani ya ɗauki guga, Alhaji ya ce masa ya bari. Da kansa ya ja ruwan, tsoho da ciwon baya, da kansa ya zuba. Abin da kawai na ji ya ce shi ne motar ta daɗe tana shan alherinka, yau ta sha kanwa dominka.

Kada ka yi fushi da shi, Maigida. Na san da kana iya magana da tun daga baya za mu ji faɗanka. Mun wuce Bonkuku rana ta yi ja, motar na tafiya a hankali, ba ta sake zafi ba. Muna shigowa gari mutane suka miƙe daga inuwa don sun gane ƙarar injin. Aka yi maka salla da sauran haske.

Ni ban je maƙabarta ba, ka san mata ba sa zuwa. Da maza suka dawo, Alhaji ya tsaya a zaure ya aiko a gaya mini an sami wuri daidai gefen Baba, ba kowa tsakaninku.

Ka huta lafiya. Allah ya sanyaya makwancinka.

Taka har kullum,
Uwar Sani