Sandunan runhwar albasa

Malam,

Na tahi Rimawa sunan ɗiyar Kulu, sai la'asar in Allah ya so. Tuwonka na cikin kula.

Bayan hitarka lambu, kocin su Uwaisu ya zo. Ya ce an ɗage dokar korona, yara za su koma ƙwallo ran Assabar, amma sandunan gola na hilin sun ɓace tun lokacin kulle. Gida-gida yake bi yana tambaya. Uwaisu da kai kas san shi am mai tsaron gida, har da hawaye, ya ce Allah ya isa ga wanda yaɗ ɗauke su.

Da sunka hita, na tsaya na dubi runhwar albasar da kak kahwa lokacin kulle. Ka ce mini a kasuwar Goronyo kas sayi sandunan. To mi ya sa biyu na da hwarin henti? Kuma wane mai sayar da itace ne ka saƙale ƙusoshin raga jikinsu?

Ban ce kai ne ba, Malam. Ƙila sayar maka anka yi. Amma ka tuge su yau, ka maida hili kahin Assabar, albasa ta kwana ɗakina.

Kak ka tsaya shahe su da laka. Ta dama, ƙasan igiya, an sassaƙa suna da wuƙa. Sunan ɗanka Uwaisu ne, kuma kullum nan yake zama ya ci tuwo.

Zinariya